Kajin Nambuye Masu Tukku

A ƙauyenmu, can gangaren kogin Kuywa, mutum yakan san muryar Rispa Nambuye kafin ya san fuskarta. Murya ce ta korar shirwa. Inuwa kawai take jira ta gitta tsakar gidanta, sai ka jiyo ta tun daga bakin coci, har kajin maƙwabta su ruga ƙarƙashin rumbu suna cin albarkacinta. 'Yar ƙaramar mace ce, busasshiya, ta haura saba'in, in ka gan ta sai ka rantse iska za ta ɗauke ta. Amma shekara hamsin da ɗaya ke nan tana yaƙi da duk abin da ke cin kaza, na sama da na ƙasa, kuma yawanci ita ke da nasara.

Kajinta ba irin na kowa ba ne. Wake-wake ne, masu gajerun ƙafafu, kowace da tukku a ka kamar ta ɗaura kallabi za ta coci. Asalinsu kuwa duk tsofaffin garin sun sani. Lokacin da Situma yake neman aurenta maraya ne, ba shi da ko ɗan maraƙi, sai wani tsohon kwat da malamin mishan ya ba shi, da 'yan kajin da uwarsa ta mutu ta bari. Duk ranar da zai je gaida iyayen Nambuye a ƙetaren kogi, sai ya kama kaza guda ya cusa cikin kwat. Ya tsaya daga bakin shinge, gindin ɓaure, ya cire hula, ya juya fuska gefe yadda suruki ke yi, ya gaida uwarta daga nesa, ya ajiye kazar a ƙasa. Tsohuwar takan ce wa maƙwabta, "Yaron nan da kaji zai biya shanun auren 'yata. Sai mu gyara zama, nan da shekara ɗari zai gama." Amma ta so shi. Ita ta tsaya kai da fata har aka ba shi, shanun suka biyo baya a hankali, ɗaya bana ɗaya baɗi.

Ranar da za a kai Nambuye ɗakinta, uwar ta miƙa mata sagara guda mai tukku, 'yar kazar farko da Situma ya kawo. Ta ce, "Ba ni da zane mai tsada, ba ni da tukunyar ƙarfe. Ga wannan. Kada irinta ya ƙare a hannunki."

Abin da Nambuye ta fito da shi daga gidan ubanta ke nan, kuma abin da ya rage mata na gidan ke nan. Uwar ta rasu, uban ya bi ta, 'yan'uwanta maza suka sayar da filin suka watse birane, aka rushe ɗakunan aka shuka rake. Ɓauren kawai aka bari, don ba wanda ya yarda ya sa masa gatari. In kewar gida ta taso mata, sai ta watsa tsaki ta zauna tana kallon tukkayen nan suna sunkuyawa suna ɗagowa, har zuciyarta ta kwanta. An yi shekarar da ciwo ya share kajin gari kaf, ita ta ɗauki guda uku a kwando ta kai su wajen ƙanwar mijinta a gindin dutse, tafiyar wuni guda a ƙafa, da goyo a baya. An yi shekarar yunwa, har ta sayar da akuyarta da gadonta na ƙarfe, amma ba ta bari aka taɓa uwar kajin ba.

Ita kanta ba ta taɓa sa naman kaza a baki ba. Matan zamaninsu ba sa ci, nama ne na maza da baƙi. 'Yan matan yanzu suna ci har da tauna ƙashi, ita kuwa ta ce bakinta ya riga ya tsufa a haka. Ta dafa wa surukai, ta dafa wa fasto, ta dafa ranar kaciyar 'ya'yanta maza, kuma kullum ƙundun a kwanon Situma yake sauka, don ƙundu na maigida ne. Shi kuma bai taɓa ci ba sai ya ɗaga shi ya ce, "Nambuye, ko ɗanɗane?" Ita ta ce, "Ci abinka, tsohon banza." Tun yana da baƙin gashi take kiransa tsohon banza, kuma wasan bai taɓa gundurar su ba.

Situma mutum ne mai kunya da riƙon al'ada, har wasu na cewa abin ya yi yawa. Shekara ashirin da uku surukarsa ta yi a raye bayan aurensu, bai taɓa haɗa hannu da ita ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa shiga ɗakin da take ciki ba. In sun yi kiciɓis a hanya sai ya faɗa ciyawa ya ba ta baya har ta wuce. Lokacin da ta zo jinyar Nambuye ta yi kwana uku a gidan, a rumfar shanu ya kwana. Da shi ake yi wa samari misali.

Ita kuwa Nambuye iliminta na ɓarayin kaji ne. Takan ce kowane ɓarawo da irin sawunsa. Shirwa 'yan tsaki take ɗauka, da rana tsaka, uwar ta yi ta kuka har yamma. Shaho yakan bar gashi a warwatse inda ya yi bugu. Tunku kai yake cirewa ya ja saura bakin rami, ga wari. Muzurun daji ta cikin shinge yake ja, ka ga gashi maƙale a ƙaya. Kare ba ya iya ɓoye laifinsa, a bakinsa za ka gani. Kowanne ta san maganinsa. Akurkinta a kan dogayen ƙafafu yake, ta naɗe kowace ƙafa da fasasshen gwangwani don kada mai farce ya hau, ta zagaye shi da toka saboda kwarkwasa. 'Yan tsaki kwando take kifa musu har su yi fiffike. Reshen mangwaron tsakar gida kuwa ya sha rataye-ratayen fasassun madubai. Duk da haka tana asara, musamman tun da rake ya iso bakin shingenta, don rake masaukin duk wani mai haƙori ne. Amma asara ce mai dalili, irin wadda mutum zai zagi wanda ya yi masa ita da sunansa ya ji sanyi.

Sai bara, bayan an cire masara, aka shiga wani abu dabam.

Kaza ta ɓace. Ba gashi, ba jini, ba sawu. Sauran kajin ma ba su firgita ba, suna kiwonsu kamar ba abin da ya faru. Bayan kwana huɗu wata ta bi ta. Kullum da hantsi, kullum lokacin da Nambuye ta tafi gona ko taron matan coci, kuma kullum mai tukku, babba, lafiyayya. Wani baƙin zakaranta mai ɗingishi da ta ƙi jini kuwa yana nan daram. Goma sha huɗu take da su masu tukku lokacin da abin ya fara.

Ta bi shinge taku-taku ta toshe kowace kafa da ƙaya. Ta aro tarko ta ɗana, ya kama gafiya biyu da kyanwar fasto. Ta ƙona tsohuwar taya a bakin rake don korar mesa, hayaƙin ya sa ta tari kwana uku. Duk a banza. Daga ƙarshe ta fito wa Situma da kujerarsa gindin mangwaro, ta miƙa masa sanda.

"Baban Protas, tunda gona ta fi ƙarfinka yanzu, ga aiki. Zauna ka sa musu ido."

"Mai gadin kaji na koma?"

"An ƙara maka girma ne. Da ai mai gadin kujera ne kai."

Ya yi dariya ya karɓi sandar.

Gaskiyar magana, Situma ya daɗe da fara zamewa, kuma Nambuye ta gani ta ƙi gani. Ya zuba gishiri a shayi ya shanye bai ce komai ba. Ya tambaye ta ko an shayar da jar saniya, wadda aka sayar tun yaransu na firamare. Wata rana ya tsaya a tsakiyar addu'ar abinci ya rasa ƙarshenta, addu'ar da ya shekara sittin yana yi. In ɗansu Protas ya bugo waya daga birnin Eldoret yana tambayar jikin Baba, sai ta ce, "Garau yake, tsufa ne kawai." Haka take faɗa wa kowa, haka take faɗa wa kanta.

Ta dawo daga gona ta ƙirga, babu ɗaya. Situma na zaune a kujerarsa, ƙafar wandonsa a jiƙe. Ta ɗauka abin tsufa ne ya kufce masa, ta kau da kai don kada ta kunyata shi.

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba."

"Ko motsi?"

"Ko motsi. Lafiya lau aka wuni."

To in ba ƙira, me ya ci gawayi? Abin da ba ya barin gashi, ba ya firgita kaji, ya san babba ya san ƙarama, ya san lokacin da matar gida ba ta nan, ai ba ƙafa huɗu gare shi ba. Kuma lalle wanda kajin suka saba da shi ne. Wannan tunanin ne ya kai ta kan Dorika Nasambu.

Nasambu maƙwabciyarta ce, shinge ɗaya ya raba su shekara arba'in. Ita ta karɓi haihuwar uku daga cikin 'ya'yan Nambuye. Da mijin Nasambu ya rasu, Nambuye ce ta yi wata guda tana kwana a ɗakinta. A coci bencinsu ɗaya. Amma zuciya in ta yi zafi ba ta tuna irin wannan. Wata Lahadi da rana ƙamshin kaza ya tsallako shinge, Nambuye ta bi shi har ɗakin girki, ba gaisuwa ba komai, ta buɗe tukunya.

"Lafiya, 'yar'uwa?" in ji Nasambu.

"Kan nake nema. Ina kan kazar nan?"

"Kai kuma? Na me?"

"In ga ko da tukku."

Nasambu ta ajiye muciya a hankali. "Rispa, a gidana? Mijin 'yata ne zai zo. Kazata ce, ja. Ga gashinta can a juji, je ki tona, tunda ke ma kin koma kaza."

"Gashi ai ana iya sakewa."

"To ɗauki tukunyar gaba ɗaya ki kai wa mai unguwa, ya tambaye ta sunan uwarta."

"Me ya yi zafi? Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as."

Nasambu ta daɗe tana kallonta, kamar za ta faɗi wani abu, sai ta haɗiye. Ta ce, "Je ki, Rispa. Ki duba gidanki da kyau kafin ki duba tukwanen mutane."

Daga ranar aka daina gaisawa. A coci Nasambu ta koma bencin baya. Abin ya yi wa Nambuye ciwo ƙwarai, amma ta ce in kajin suka daina ɓacewa to ta san ba ta yi zalunci ba. Ba su daina ba. Saura biyar, saura huɗu.

A nan wajenmu in shirwa ta addabi mutum, akan sayo shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo a rina 'yan tsaki da shi. Shirwa ta leƙo daga sama ta ga abin da bai yi mata kama da abinci ba, ta wuce. 'Yan tsaki ake yi wa, ba wanda ya taɓa rina babbar kaza. Nambuye ta rina. Ta ce ko wane ne, na sama ko na ƙasa, in ya ɗauki shuɗiyar kaza a garin nan ba shi da wurin ɓoye ta. Ta kama huɗun nan ta dulmiya su a roba har tukku, suka fito kamar mawaƙan coci ranar biki. 'Yan acaɓa suka riƙa tsayawa a bakin hanya suna dariya.

"Kaka, ƙwan ma shuɗi za su yi?"

"Je ka tambayi uwarka, ita ta san kalar da ta haifo ka."

Kwana biyu bayan haka aka yi yayyafi da safe. Da ta dawo daga gona, saura uku.

Asabar ranar wanki ce. Ta ɗauko kwat ɗin Situma daga ƙusa, ba na mishan ba, wancan ya daɗe da zama tsumma, wani ne da Protas ya aiko masa. Ta juya cikinsa za ta kaɗe, sai ta ga shuɗi. Daga ƙarƙashin hammata har aljihun ciki shuɗi ya zauna, ga ɗan ƙaramin gashi wake-wake maƙale a ɗinki.

Ta zauna a kan dutsen wanki da kwat a cinya, ta daɗe. Fushi ne ya fara zuwa mata. Sayarwa yake yi? Ya yi me da abin? Mutumin da ko giyar biki ba ya sha? Ko wata mace ce, a shekara tamanin, da wane ƙarfin? Sannan maganar Nasambu ta dawo mata, kunya ta rufe ta har ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta tambaye shi ba. Ta mayar da kwat ɗin ƙusa ba ta wanke ba.

Ranar Talata ta saɓa fartanya ta yi masa sallama kamar kullum, ta zagaya ta laɓe cikin ayaba. Situma ya zauna a kujerarsa har rana ta ɗaga. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da kwat da hula, ya wanke fuska, ya gyara 'yar furfurarsa da yatsu. Ya ɗebi tsaki ya kira kajin da irin kiran da take musu. Ya dubi ukun, ya zaɓi wadda ta fi ƙiba, ya cusa ta cikin kwat cikin gwaninta, ya fita. Tafiyarsa ma ta canza. Mutumin da sai ya dafa bango yake miƙewa, ga shi yana taku kamar saurayi.

Ta bi shi daga nesa. Ya gangara kogi ya ratsa ta inda ruwa ke kaiwa gwiwa, a nan ta gane jiƙewar wandon. Ya haura ya shiga wata siririyar hanya tsakanin rake. Tun kafin su isa ta san inda za shi.

A gindin ɓaure ya tsaya, daidai inda ƙofar shingen gidansu take a da. Ba komai a gabansa sai rake, wanda ya fi shi tsawo. Ya cire hula, ya juya fuska gefe.

"Mama, barka da hantsi. Ni ne, Situma. Ga ɗan abin da na samu, ba yawa." Ya yi shiru yana sauraro, har da gyaɗa kai. "Na sani, Mama, maganar shanun ce. Ina nan ina ƙoƙari. Ku dai kada ku ba wani Nambuye."

Ya sunkuya ya ajiye kazar. Kazar ta tsaya tana waige-waige, sannan ta kutsa cikin raken. Nambuye ta bari ya juya ya yi nisa, ta faɗa raken tana kira, ganye yana yankar hannuwanta. Ba ta same ta ba. Abin da ta samu tulin gashi ne a bakin wani rami, wake-wake, tsoho da sabo, da warin tunku. Ashe nan kajinta suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ta durƙusa a wurin ta yi kuka, kuma ko ita ba za ta iya ce maka na kajin ne ko na mijin ba.

Saura biyu. Ta sa wa akurki kwaɗo ta rataya makullin a wuya. Ran nan ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun aurensu: Situma a tsaye gaban akurki cikin kwat da hula, yana jijjiga ƙofa yana hawaye.

"Yaya zan je musu hannu rabbana? Za su ce ban damu da ita ba. Ga wani mai shanu daga garin Kimilili yana ta sintiri."

Ta sayo wata jar kaza a kasuwa ta sakar masa. Ya dube ta ya ce wannan ba ta gidansu ba ce, shi mai tukku yake kaiwa. Ya ƙi abinci kwana biyu. Rana ta uku tana rafi ya ɓalle kwaɗon da fartanya, ya tafi da ɗaya.

Saura ɗaya tak, ta tara ƙwai tara tana shirin kwanci. In Nambuye ta ɓoye ta a gidan wani, Situma zai zauna da yunwa har ta kashe shi, ta riga ta gani. In ta bar masa, iri ya ƙare a hannunta, a bakin tunku. Sai dabara ta faɗo mata, kuma ran nan ta ɗauka ta yi wayo. Kowa na cewa tun da ta tsufa ta koma uwarta sak, har tafiya. To me zai hana kazar ta sami mai karɓarta?

Da ta ga ya shiga ɗauko kwat, ta bi ta gajeriyar hanya, ta gadar itace. Ta yafa tsohon bargo yadda uwarta ke yafawa, ta ja kallabi ƙasa har gira, ta zauna a kan saiwar ɓaure. Ya iso. Da ya hango mutum a zaune sai ya ja da baya taku uku, ya cire hula, ya juya fuska.

"Mama, barka da hantsi."

Ta amsa, "Barka kadai, ɗana. Ka zo lafiya?"

"Lafiya lau. Kwanan nan ina ta zuwa ba na samun ki sosai."

"Ina nan. Me ka kawo mana yau?"

"Ba yawa, Mama."

"Kai dai da kaji za ka biya shanun nan," ta ce. Maganar uwarta ce ta fito da kanta. Ya yi wata 'yar dariyar kunya da ta manta yana da ita. Ya ajiye kazar, ta jawo ta cikin bargo.

"Na karɓa. Je ka gida ka ci abinci, ka kwantar da hankalinka. Ba za a ba kowa ita ba."

"Na gode, Mama. Allah ya ja kwana."

Ta riga shi isa gida, ta mayar da kazar kan ƙwanta, ta cusa bargon ƙarƙashin gado, ta ɗora tukunya. Har waƙar coci ta kama yi. Ta ce a ranta in abin haka ne, kullum ma ya kai, kullum ta karɓo, kaza ɗaya ta ishe su har ƙarshen rayuwa.

Ya shigo tsakar gida fuskarsa a sake. Ta fito daga ɗakin girki da kwanon tuwon masara da ganye, ta ce, "Baban Protas, wanke hannu."

Ya tsaya cak. Kallo ɗaya ya yi mata, hannunsa ya tafi ga hula. Ya ja da baya har ya ci karo da mangwaro, ya juya fuska gefe.

"Mama, ashe kin riga ni isowa. Ban san za ki zo ba, da an shirya."

"Ni ce, Nambuye. Dube ni da kyau."

"Tana ciki?" ya tambaya, idonsa a ƙasa. "A ce mata na dawo."

Ta matso da kwanon, ya matsa. Ta miƙa hannu za ta kama nasa, ya fizge kamar ya taɓa wuta, ya ce, "Haba Mama, a rufa mini asiri." Ta ajiye kwanon a ƙasa ta koma ɗakin girki. Ko da ta leƙo bai taɓa ba, don suruki ba ya ci a inda surukarsa za ta gan shi.

Ta yi zaton zuwa gobe zai wuce, yadda sauran ruɗewarsa ke wucewa. Bai wuce ba. Ta ƙona bargon. Ta sa rigar da ya fi so, ta cire kallabi, ta kira shi tsohon banza, ta jera masa sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara cikin ladabi, fuska a gefe, ya ce, "Haka ne, Mama." Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma tsohuwar bukkar da Protas ya yi samartaka a ciki, can ƙarshen gida. Protas ya zo ya kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce a yi haƙuri, irin wannan ba ya komawa baya. Likitan ya ce ko ba bargo, wata rana dole ya manta ta. Nambuye ba ta karɓi wannan ba. Ta ce mantawa dabam, wannan kuwa ita da ƙafarta ta je ta nuna masa wata fuskar.

Abinci ne ya kai ta wajen Nasambu. Ta tsaya a bakin shinge ta kasa shiga.

"Dorika, na zo ki zage ni."

Nasambu ta dube ta. "Na gan shi tun kaza ta biyu. Ta bayan gidana yake bi."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"In ce miki me, ke da kike cewa garau yake? Na ce gara ki kira ni ɓarauniya da a ce a bakina kika fara ji."

Ba su ƙara ta da maganar ba. Tun daga ranar Nambuye ke dafawa ta miƙa ta kan shinge, Nasambu ta zagayo ta kai masa bukka ta ce daga gidanta ne. Ranar Kirsimeti aka yanka baƙin zakaran nan. Nasambu ta dawo da kwano, ya cinye komai sai ƙundun. Ta ce ya ɗaga shi ya yi ta waige-waige, sannan ya mayar ya ce a ajiye wa Nambuye, ko za ta ɗanɗana.

Ya daina zuwa gindin ɓaure. Me zai je yi, tunda Mama na gidan? Saboda haka ba kazar da ta ƙara ɓacewa. Mai tukkun ta ƙyanƙyashe takwas cikin tara, shida daga ciki da ɗan tsiro a ka. Iri bai ƙare ba. Matan coci suka zo taya ta murna, ta ce musu ta gode.

Yanzu in ka bi ta hanyar da hantsi za ka gan su. Ita a bakin ɗakin girki kan 'yar kujerarta, shi can gindin mangwaro da kujerarsa a karkace, duk faɗin tsakar gida a tsakaninsu, kaza da 'ya'yanta suna kiwo a tsakiya. Kowace safiya yakan gaishe ta daga can, ya tambaya ko Nambuye na nan. Takan ce ta je rafi, yanzu za ta dawo.

Makon jiya inuwa ta gitta. Nambuye ta gan ta, ta buɗe baki, amma Situma ya riga ta. Ya miƙe da sandarsa, ya fuskanci ƙofar ɗakinsu, ya ɗaga murya yadda ya saba shekara da shekaru.

"Nambuye, shirwa! Fito, za ta ɗauke miki 'yan tsaki."

"Na'am," ta ce, tana tsaye. Amsar ta fito kafin ta tare ta.

Ya juyo ya gan ta. Kunya ta kama shi, don ya ɗaga murya a gaban surukarsa. Ya cire hula ya sunkuyar da kai.

"Gafara, Mama. Ba da ke nake ba."

Shirwa ta sauko ta ɗauki ɗaya ta tashi. Ba wanda ya jiyo muryar Nambuye ran nan. Ta koma ta zauna a kan kujerarta, shi kuma yana tsaye da hula a hannu yana kallon ƙofar ɗakin, yana jira ta fito.